Takalmin Birki Mai Kuka

"...lafiya lau, mai shago, sai godiya. Ya kasuwa? Ya yaran? To madalla. Kai kuma matsa can, ka tsaya mini a ka kamar falwaya."

"Ni na tsaya miki a ka? Ke kika biyo ni fa, tsohuwa. Na ce ki zauna a gida, kika riga ni shiga mota."

"Motar mijina ce. In na ga dama a ciki zan tare."

"Ai ni ne mijin yanzu."

"Kai maneji ake yi da kai. Miƙo mini kujera."

Na daɗe ina sayar da kayan mota, kuma na ga masu saye iri-iri. Akwai mai zuwa da tsohon ƙarfe a leda ya ce a ba shi ƙaninsa, akwai mai rantsuwa ya fi kamfani sanin motarsa. Amma tsohuwa da sandarta ta zo zaɓen takalmin birki, ran nan na fara gani. Na kakkaɓe mata kujerar roba, ta zauna tsakanin galan-galan na baƙin mai da belolin inji da ke rataye, tana ƙare wa shagon kallo kamar ita ta gina shi.

Na san su duka. Marigayi mijinta, wanda kowa ke kira Direba, ya ƙare rayuwarsa yana dakon kaya da wata tsohuwar a-kori-kura: siminti, katako, kayan masu tashi daga gida. Da Allah ya yi masa rasuwa, motar ta koma hannun jikansa Dogo, wanda ke tsaye a gabana yana sosa ƙeya. Ita kuwa motar da abu ɗaya aka san ta. Duk sanda ta karyo kwanar layinsu, birkinta sai ya saki wata siririyar ƙara, kiiii, kamar usur. Da wannan ƙarar tsohuwa take sanin mai gidanta ya dawo, tun tana da ƙafar tashi da gudu ta buɗe ƙofa. Mutumin ya tafi, ƙarar ta rage. Yau Dogo ya zo sauya takalman birkin gaba, yana son marasa ƙara, ita kuma ta biyo shi don kada a kashe mata ɗan abin da ya saura.

"Mai shago, ba ni mai kyau," in ji Dogo, "wanda ko tari ba ya yi."

"Ba shi mai tari," in ji ta. "In akwai mai atishawa ma haɗa masa."

"Kin ji ko? Ita ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba."

"Na tuƙa kakanka shekara da shekaru, bai taɓa faɗawa rami ba. Kai wa ka tuƙa?"

"Ke nake tuƙawa, shi ya sa kullum nake gareji."

Na sauko da kwalaye uku na jera a kan kantar shagon, don na ga in ban sa baki ba za su yini a nan. Can gefen shago kuwa Oga, tsohon bakaniken da garejinsa ke manne da ni, ya riga ya ɗaga gaban motar da jak yana kwance notin taya.

Na buɗe kwalin farko. "Wannan mai laushi ne, Hajiya. Ba ƙara, ba tsada. Amma ba ya daɗewa, kuma in aka yi lodi aka kama gangara, da ya ɗau zafi sai ya saki."

"Wannan kai ne," ta ce da Dogo. "Laushi, araha, ga sakin jiki da an ɗora maka kaya."

"Na biyu na tangaran ne. Shiru kake ji, kuma ba ya baƙanta taya. Masu ƙananan motoci, masu zuwa ofis, shi suka fi so."

"Yauwa! Shi nake so," in ji Dogo.

"Ji mini ɗan dako da son ofis. Wane ofis? Ofishin siminti?"

"Mutum ba zai ci gaba ba ke nan?"

"Ci gaba mana. Amma ka ci gaba da abin da zai tsayar da kai."

Ni kaina a nan ina bayanta, don tangaran ba abokin lodi ba ne, amma mai shago ba ya shiga faɗan kaka da jika. Na buɗe na uku. "Wannan akwai garin ƙarfe a jikinsa. Yana kama mota ko da kaya niƙi-niƙi, zafi ba ya sa shi ya saki. Aibinsa, yana cin faifan birki a hankali, yana baƙanta taya, wani lokaci kuma yana da baki."

"To wannan ke ce," in ji Dogo. "Ƙarfe, baki, da cin wanda ke kusa da ke a hankali."

"Amma ina tsayar da mota."

"Kina tsayar da unguwa ma."

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta auna nauyinsa a tafinta, ta ƙwanƙwasa shi a bakin kantar shagon ta kai kunne, har da sansanawa, kamar mai zaɓen tukunya. Dogo ya dafe kai.

"Me kike ji a ciki? Labarai?"

"Ina jin ko yana da murya. Mai shago, wannan zai yi kuka?"

"Wani lokaci, Hajiya. Irinsa Direba yake ɗauka. Tun babana na shagon nan, in ya shigo ko kallon sauran ba ya yi."

Ta ɗago ta dube ni. "Wane Direban? Nawa?"

"Naki."

"Kai dai faɗi gaskiya, ba zan fasa saye ba. Mutumin da ke ɗinke silifas ɗinsa da waya, shi zai sayi mai kyau? Ni duk zamana da shi na ɗauka a bola yake tsinto birkin nan. Kullum ya shigo sai na ce, 'Sannu da zuwa, mai usur. Yau ma ba a samu na gyara ba?' Shi kuma sai ya ce, 'Gobe.' Goben nan har ya koma ga Allah ba ta zo ba."

"To ni yau na kawo goben," in ji Dogo.

"Wa ya aike ka?"

"Kunya ce ta aike ni. A tashar 'yan dako ba mai kirana da sunana, sai dai alƙalin wasa. In na je hira wurin yarinyar nan, kafin in kashe mota duk layinsu sun leƙo ta taga. Babanta har cewa ya yi a tambaye ni ko motar ciwon haƙori take."

"Yarinyar da ba ta son ƙarar motarka, ba ta son ka."

"Ke da kike son ƙarar, kin taɓa wanke mini riga?"

"Na wanke maka abin da ya fi riga. Kujerar da kake hakimcewa a kai kana tuƙi, wa ya fara yi mata wanka? Kana ɗan mitsitsi kakanka ya ɗora ka a cinya yana koya maka riƙe sitiyari, ka jiƙe shi sharkaf, ka jiƙe kujera. Mutumin nan ya fito yana dariya, wando na ɗiga, yana cewa, 'Yaron nan direba ne, ya fara duba ruwan mota.'"

"A gaban mutane, tsohuwa? Na sake ki."

"Sakinka ya fi gashin kanka yawa. Gobe da safe kana bakin ƙofata da kofin shayi."

"Don shayinki ne kawai nake mayar da ke."

"Ai na sani. Shi ma haka yake cewa."

Ta faɗi haka tana dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta juya tana kallon motar ta ƙofar shago. Fentinta fari ne a da, yanzu ba mai iya rantsuwa a kan launinsa. Ƙofar fasinja da igiya ake ja ta daga ciki.

"Ranar da ya kawo ta," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "cewa ya yi in fito in ga baƙuwa. Ya sa ni a gaba, ya zaga da ni gari ba inda za mu, gilashi a sauke, iska na neman raba ni da mayafi. Da naƙudar babanka ta tashi, a cikinta aka kai ni asibiti, bayanta cike da buhunan gawayi, don bai tsaya saukewa ba. Babanka ya zo duniya, kakanka ya karɓe shi da hannu baƙi ƙirin."

"Shi ya sa muka fito baƙaƙe ke nan."

"Kai naka na hali ne."

Daidai nan Oga ya shigo yana jan ƙafa, hannunsa duk baƙin mai. Ya ajiye tsohon takalmin birki a gabana. Na ɗauka na duba, raina ya ɓaci. Naman jikinsa ya cinye tas, saura ƙarfen baya kawai, shi ma ya yi sheƙi don guga.

"Dogo," na ce, "da wannan kake ɗaukar siminti?"

Ya yi ƙasa da kai.

Oga ya ce, "Hajiya, abin da kike ji kwanan nan ba kukan da kika sani ba ne. Ƙarfe ne ke gugar ƙarfe."

"Na ji muryar ta dishe," ta ce. "Na ɗauka tsufa ne, kamar ni." Sai ta juya kan jikanta, kuma wannan karon ba wasa a muryarta. "Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Ta taɓa ƙin tsayawa?"

"Rannan a gangaren bayan kasuwa, sai da na haɗa da giya da birkin hannu."

"Ka san haka ka yi shiru?"

"Su ne na ƙarshe da ya saya da hannunsa. Na san in na cire, kin daina jin ƙarar. Sai na yi ta cewa gobe."

Wallahi haushi ya kama ni, tausayi kuma ya danne haushin. Tsohuwa ta ɗaga sandarta ta ɗan buga masa a ƙwauri.

"Sakarai. Na binne ɗaya, kana so ka ƙara mini? Wa zai riƙa shanye mini shayi?"

"Ashe dai ana so na."

"Ana son motar. Mai shago, ba shi mai ƙarfen. Tangaran a kai wa masu ofis."

"Na yarda da mai ƙarfen," in ji Dogo, "amma Baba Oga, ba yadda za a yi ya yi shiru?"

"Akwai mana. Ka ga wannan ɗan fallen gwangwanin da ke cikin kwali? A bayan takalmin ake sa shi, a shafa giris kaɗan. In na yi haka, ko kyanwa ba za ta fi shi shiru ba."

"To me ya sa na kakana bai taɓa shiru ba? Ko a lokacin ba ka gama koyon aikin ba?"

Oga ya harare shi. Ya jawo benci ya zauna, ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shawara da kansa.

"Kakanka ya ce kar in faɗa. Amma ba ya nan, ni ma na kusa, kuma ba na son in tafi ana cewa ban iya ɗaura birki ba. Sau ɗaya na yi masa aikin yadda ya kamata, muna samari. Na sa falle, na shafa giris, mota ta fita tsit, ina ta jin kaina. Washegari ina buɗe gareji sai ga shi, fuska a murtuke. Ya ce, 'Mayar mini da kukana.' Na ce wane kuka? Mutane biyana suke in kashe shi. Ya ce, 'Jiya na shiga gida na tarar da ita zaune a tsakar gida ta kasa kunne, tana jiran wanda ya riga ya iso. Da ta gan ni sai ta firgita. In ta ji ƙarar nan takan taso ta tare ni a ƙofa tana yi mini tsiya. Jiya ba ta taso ba, ba ta yi tsiyar ba, abincin ma ƙin shiga ya yi.' Tun daga ranar, duk takalmin da na ɗaura masa, fallen nan a aljihunsa yake tafiya. Birkin yana kamawa daram, bakinsa kawai muke bari a buɗe. Kuma ba ko'ina yake kuka haka ba. A kwanarku yake ɗan shafa birkin da ƙafa a hankali, har sai ya ja masa dogo."



"Me ya sa ya hana ka faɗa?" in ji Dogo.

"Ya ce in ta san da gangan ne, za ta daina tsiyar."

Tsohuwa ba ta motsa ba. Sabon takalmin na kan cinyarta, tana shafa shi da babban yatsa.

"Na tuna ranar," ta ce a hankali. "Na tuna. Cewa na yi da shi, 'Ka shigo kamar ɓarawo.' Ashe abin ya zauna masa." Ta ja gefen mayafi ta goge ido. "Mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya gaya mini magana mai daɗi ba. Ko ɗaya. 'Akwai ruwa?' 'Ina hulata?' Shi ke nan. Ni kuma ina ta kiransa marowaci."

Dogo ya share maƙogwaro. Ya ɗauki ɗan fallen gwangwanin daga kwali ya zura a aljihun rigarsa.

"Baba Oga, ɗaura yadda kuka saba. Ba falle, ba giris. 'Yan tasha su yi ta kirana alƙalin wasa, baban yarinyar nan kuma ya saya wa motar maganin haƙori."

"Fito da shi," in ji ta.

"Na'am?"

"Fito da abin nan daga aljihunka ka ba Oga. A sa, a shafa giris ɗin sosai."

"Tsohuwa, ke fa kika biyo ni tun daga gida a kan ƙarar nan."

"Na biyo ka don na ɗauka ƙarar mota ce. Ta mota kowa na iya gadonta. Wannan kuwa magana ce mutum yake yi da matarsa, ba kuma da kai yake ba." Ta numfasa. "Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun da ya rasu, duk ranar da ƙarar nan ta karyo kwana sai gabana ya faɗi. Kafin hankalina ya dawo na riga na miƙe na gyara ɗankwali. In kai ƙofa, sai in ga kai ne da kunnuwanka. Kullum sai an sake yi mini rasuwar nan, ni kuma na kasa cewa a bari, don ina tsoron shirun. Yanzu na ji abin da yake faɗa. Ya isa."

Dogo ya zaro fallen ya miƙa wa Oga. Tsohon ya karɓa ya fita da kwalin ba tare da ya dubi kowa ba, na kuwa lura ya daɗe a durƙushe gaban tayar kafin ya ɗauki sufana.

"To ni yaya za ki san na dawo?" in ji Dogo.

"Kana da baki. Ka yi sallama kamar ɗan mutane."

"In na yi sallama za ki taso?"

"In na ga dama."

"Za ki yi mini tsiya?"

"Wannan kam ko ba ka yi sallama ba."

Ya fashe da dariya yana goge fuska da hannun riga. Ya ɗauki tsohon takalmin da ke gabana, ya roƙe ni tsumma ya goge shi tas, ya durƙusa ya ajiye mata a cinya.

"Ungo, amarya. Na sallama, kin ci."

Ta juya ƙarfen a hannunta. "Ka ga irin kyautar mazan gidan nan. Ƙarfen da ya mutu." Amma ta ƙulle shi a gefen mayafinta, ƙulli biyu, ta riƙe gam.

Da Oga ya gama, Dogo ya ɗaga tsohuwa ya sa a gaba, ta ja ƙofar da igiya da kanta. Na fito bakin shago ina kallonsu. A mahaɗar titin da ke gabanmu jajayen fitilun baya suka kama, motar ta tsaya cak, ba ko ƙis. Na ga tsohuwa ta sunkuyar da kai na ɗan lokaci. Sai ta ɗago ta juya wajen jikanta, hannu na tashi, baki na motsi, shi kuma yana buga sitiyari don dariya.